Habu Kan-Ganga da Gaisuwar Mutanen Fadama

Duk wanda ya san Habu Kan-Ganga ya san bai taɓa gabatar da shiri a zaune ba. A kan gangar mai ya koyi magana, a kasuwar Haɗeja, zamanin farar hula, yana yi wa jam'iyyarsu shela ni ina yi wa tamu a ɗaya gefen. Mu zagi juna iya zagi da rana, da yamma mu ci kifi a kwano ɗaya. Da soja suka ƙwace mulki na koma koyarwa, shi kuwa gidan rediyo ya ɗauke shi, aka ba shi shirin manoma da masunta.

Mai kula da na'ura ya sha fama da shi. "Malam Habu, zauna mana, ka rage murya, ai na'ura tana ji."

"Na'ura tana ji. Wanda ke cikin kwalekwale a Guri fa?"

"Rediyo zai kai masa."

"Ni ban yarda da ɗan aike ba."

Ga shi da tsumulmula, Allah ya gafarta masa. Batirin rakodarsa in ya mutu ba ya yar da shi, a rana yake shanya shi kan kwanon ɗaki. Wata rana ya ɗauki hira da wani sarkin ruwa, ƙaton mutum mai murya kamar tsawa, batir kuwa yana ja da ƙyar. Da aka sa kaset ɗin a gidan rediyo sai murya ta fito siririya tamkar ta 'yar talla. Sarkin ruwa ya taso har gida yana huci. Habu ko a jikinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sanyin kogi ne. Shekara nawa kana ciki?"

To, sai shekarar da kogi ya cika ya batse. Ruwa ya ci ƙauyukan fadama, shinkafa ta nutse, mutane suka koma kan tuddai da awakinsu. Umarni ya zo daga sama cewa ana shirin tarbar manyan baƙi, kada a ji ambaliya a bakin kowa. Manaja ya kira shi ya ce, "Ba ruwanka da labari. Ka tsaya kan gaishe-gaishen masu sauraro, in ka ƙetare a bakin aikinka."

Da sassafe sai ga shi a ƙofar gidana. "Isa, ka iya tuƙa kwalekwale?"

Na ce ban iya ba.

"Za ka iya."

A hanya ya tsaya a kanti ya sayi batir sabo fil. Nan na san abin ya kai.

Muka wuni muna bin tuddai, ni ina juya kwalekwale a wuri ɗaya yana zagin jam'iyyata. Duk inda muka sauka sai ya miƙa rakoda ya ce, "Gaisuwa kawai. Wa kake gaisarwa, daga ina kake gaishe shi?"

Ranar shiri duk gari aka kasa kunne ga rediyo. Wata tsohuwa ta ce tana gaida ɗanta na garin Malam Madori daga tudun maƙabarta, inda take kwana da jikokinta. Wani ya ce yana gaida yayansa na Jahun, shinkafar da ya yi masa alkawari tana nan, ya zo da taru ya kamo ta. Muka yi dariya, sannan dariyar ta maƙale. Habu bai ƙara ko kalma ɗaya ba sai "Allah ya sada ku."

Kafin mako ya zagayo motoci sun fara shigowa da gero da tabarmi, 'yan uwa ne da suka ji muryar nasu. Shi kuwa aka kore shi, bai kuma sake komawa rediyo ba, kifi banda ya koma sayarwa har ƙarshen ransa. Na je yi masa jaje raina a ɓace, na tarar yana shan fura.

"Isa, bayan an ji suka kore ni. Da kafin a ji ne, da ka same ni ina kuka."

Ina kewarsa ƙwarai. Ya Allah, bawanka Habu ya isar da kukan waɗanda ruwa ya ci. Ka ji namu a kansa, ka yafe masa, ka sanyaya masa makwanci.