Ta'aziyya a Garin da Ruwa ke Ci

A shekarata ta biyu a jami'a, lokacin ina zaune a ɗakin ƙasa na gidan gwaggona a garin Lanham na Amurka, na sami gurbin horon aiki na hutun zafi. Aikin shi ne mu shiga ƙauyukan gaɓar Chesapeake da ruwan teku ke cinyewa sannu a hankali, mu saurari mutanensu, mu rubuta abin da suke so, don kada a yanke shawara a ofis ba tare da su ba. Na yi murna ƙwarai. Gwaggo kuwa ta dube ni ta ce, "Wato an ɗauko ki tun daga Kano, an yi miki karatu, don ki koma jin ƙorafin tsofaffi. Ai da kin biyo ni, ni biyana ake yi."

Kula da tsofaffi ne aikinta, tun kafin a yaye ni. Takan dawo ƙafafu a kumbure, amma ko da wane irin gajiya ta shigo, in aka ce mata an yi rasuwa a garuruwan kusa, Clinton ko Bowie, sai ta ɗora tukunya. Kulolinta ba sa fita daga bayan motarta. Ba ta jiran a kira ta, kuma ba ta taɓa tambayar ko ta san mamacin.

Ƙauyen da aka tura mu yana can hayin gada, tafiya mai nisa, a cikin fadama. Baƙaƙen Amurka ne a wurin tun kakannin kakanninsu, masu kamun ƙaguwa. Hanya ɗaya tal ke shiga, kuma duk lokacin da teku ya ciko sai ruwa ya kwanta a kanta. Itatuwan bakin hanyar sun bushe a tsaye saboda gishiri. Ƙaramar mota ba ta ratsa ruwan nan, sai doguwar a-kori-kura, don haka a garin wanda ba shi da ita rayuwarsa tana hannun maƙwabci.

Taron farko a zauren coci aka yi, ni ce mai yawo da makirufo. Ni kaɗai ce mai mayafi a wurin, kowa ya haddace fuskata. Shugabar aikinmu, baturiya mai taushin murya, ta yi ta maimaita kalmar adalci har na gaji da jin ta. Can wani dattijo dogo, jigo a cocin, ya karɓi makirufo daga hannuna ya ce ya san irinmu. Mukan zo da murmushi mu tambayi mutum damuwarsa, mu koma mu rubuta cewa mutanen gari sun yarda a tashe su, daga nan hukuma ta ce ba amfanin ɗaga hanya tunda tashi za a yi. Ya ce garin ya ɗaure magana: ba wanda zai zauna da mu sai an ɗaga hanya. Zauren ya ɗauki tafi. Na ji haushinsa a ranar, amma ban iya cewa ƙarya yake yi ba.

Bayan 'yan kwanaki wata tsohuwa ta kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita da mijinta suna son magana, amma ba a garin ba. Muka haɗu a ɗakin karatu na babban garin gundumar, kusa da asibitin da ake yi mata wankin ƙoda. Mijin ya zauna da hularsa a gwiwa, bai cika magana ba. Ashe yayan dattijon nan ne na coci, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a-kori-kura ɗaya suke jigilar ƙaguwarsu da ita.

Ita ce ta yi bayani. Ba su haihu ba. Ruwa yana shigo musu ta ƙarƙashin daɓe, bangon ɗakinsu ya yi baƙi. Ba ta iya tuƙi ba, kuma motar gunduma mai ɗaukar marasa lafiya ba ta shiga garin in ruwa yana kan hanya, mijin ne ke kai ta wankin ƙoda ya dawo da ita. Suna son a taimake su su koma kusa da asibiti. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, in mutanen garin nan suka ji mun zauna da ke, mun gama yawo. Tare muka tashi, su ne kawai nake da su." Na yi mata alkawari irin wanda aka koya mana, cewa ba mai jin sunanta. Da za mu rabu ta ciro soyayyiyar ƙaguwa a takarda ta ba ni. Ni da ko kallon ƙaguwa ba na so, kunya ta sa na ci, kuma wallahi ta yi daɗi.

Mun ƙara haɗuwa a wurin 'yan lokuta. Kullum da ƙunshinta. Kullum mijin sai ya raka ni har mota ya ce in yi hankali a kan gada.

Ranar wata Laraba ta kira ta ce mijin ya faɗi a bakin ruwa, ya rasu.

Gwaggo ta same ni a kicin ina kuka. Ban faɗa mata abin da suka gaya mini ba, na dai ce wani tsoho ne da na sani a wurin aiki.

"Yaushe za ki je gaisuwa?"

"Gwaggo, ba zuwa. Aikinmu ya hana. Bai kamata a san na san su ba."

Ta ajiye ludayi. "Kin zauna da su?"

"Na zauna."

"Kin ci abincinsu?"

Na ce na ci, na ma ba ta labarin ƙaguwar.

"Kin ci abincin mata, mijinta ya mutu, ki ce wai ofis? Ke 'yar nan, wace irin tarbiyya aka yi miki? Wa ya ce ki je ki faɗi sirrinta? Gaisuwa za mu yi, ba intabiyu ba. Mu ce Allah ya ba da haƙuri, mu ajiye abinci, mu taso. Mutuwa ai ba ta da ɓangare."

Na so in yi gardama, amma maganar ta shige ni, domin ni ma haka na taso na gani. A unguwarmu a Kano mutanen da suka shekara ba sa ga-maciji suna zama tabarma ɗaya a gidan makoki, ba mai tambayar wani me ya kawo shi. Na ce a raina za su ɗauka ofis ne ya aiko ni don ladabi. Ranar Asabar, bayan an yi jana'iza, muka cika kuloli da dambun shinkafa da waina da zoɓo, muka kama hanya.

Gidan cike yake. Mata a falo da kayan coci, maza a baranda. Da muka shigo hira ta tsaya cak. Gwaggo ko a jikinta, ta ajiye kuloli, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa duk da ba wanda ya tuɓe nasa, ta nufi tsohuwar kai tsaye ta durƙusa a gabanta. Na ga idon tsohuwar lokacin da ya faɗa kaina. Tsoro ne a ciki, ba komai ba. Duk da haka ta miƙo mini hannu.

Da a nan muka tsaya, wataƙila da an wuce wurin. Amma a wurin Gwaggo ba a gaisuwar mutuwa ba tare da an ambaci alherin mamaci ba, kuma alherin da aka yi wa ɗanka kai aka yi wa. Da Turancinta na gidan tsofaffi, mai ƙarfi don masu nauyin kunne, ta ce ta zo godiya ne. Ta ce mutumin kirki ne, ya riƙe mata 'ya kamar tasa, yana raka ta har mota, matarsa tana ciyar da ita ƙaguwa. Ta ce Allah ba zai manta musu ba.

Dattijon nan yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ni ma bai dube ni ba, matar wansa ya duba ya ce, "A ina ya raka ta mota?"

Tana iya yin ƙarya, ba wanda zai matsa wa mace ranar da aka binne mijinta. Ba ta yi ba. Ta ce, "A ɗakin karatu. Ni na kira ta. Na gaji da ruwan nan, shi ma ya gaji."

Ba a yi hayaniya ba. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Mata suka fara tattara jakunkunansu ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sumbace ta a goshi ta fita. Kafin la'asar falon ya koma mu uku da kuloli. Gwaggo tana ta waige-waige tana tambayata da Hausa, "Me ya faru? Me na ce?"

A mota na wanke ta tas, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce ita ba ta ga laifinta ba, mutanen ne ba su san mutuwa ba.

Ranar Litinin shugabar aikinmu ta kira ni, ta ba ni ruwa, ta ce ta fahimci al'adata kuma tana girmama ta, sannan ta cire ni daga zuwa ƙauye ta mai da ni tebur. Wannan taushin murya ya fi zagi ciwo. Na tambaye ta wa zai riƙa kai tsohuwar wanki. Ta ce wannan ba ya cikin huruminmu, amma za a ambata a rahoto. An ambata kuwa, layi biyu, ba suna, kamar yadda na yi alkawari. Ba a ɗaga hanya ba, ba a kuma tashi kowa ba. Horon ya ƙare, aka ba ni takardar yabo.

Nakan kira tsohuwar. Takan ce lafiya lau, motar gunduma na zuwa. Takan ce a coci ana gaishe ta, sai dai bencin da take zama ya yi mata faɗi. A-kori-kurar ta koma hannun ƙanin mijin, tunda tasu ce tare.

Da kaka ta shigo, lokacin da teku ke cikowa sosai, ta kira ni wata safiya. Numfashinta ya yi nauyi. Ta ce ruwa ya kwana a kan hanya, motar gunduma ba ta shigo ba, wankin da ya wuce ma ba ta samu ba. Na ce ta kira maƙwabta. Ta ce, "Na kira, 'yata. Shi ya sa na kira ki."

Gwaggo tana jin mu. Ta dawo daga aiki ke nan, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ɗauki makullin mota. A kan hanya na kira masu agajin gaggawa, suka ce garuruwa da yawa ne a ruwa, kuma tunda tana magana tana tafiya da ƙafarta, sai ta jira layi.

Mun isa wajen azahar. Hanyar ta ɓace, sai kawunan ciyawa da turakun da ke nuna gefenta. Gwaggo ta tura hancin motar cikin ruwa, ruwa ya taɓo ƙofa, dole ta ja da baya. Daga inda muka tsaya ana hango gidan, na farko a bakin gari. Tsohuwar tana zaune a baranda, ta yi shirin asibiti, da hularta da jakarta a cinya. Ta ɗaga mana hannu. Ko na ratsa da ƙafa, ba ni da yadda zan ɗauko ta.

Sai muka ji ƙarar inji a bayanmu. A-kori-kurar ce, ƙanin mijin a ciki, ya dawo daga babban gari. Gwaggo ta fita a guje ta tsaya masa a gefen hanya tana ɗaga hannuwa biyu. Matar da ban taɓa jin ta roƙi kowa ba, sai ga ta tana cewa don Allah, don Annabi, da Hausa, ta ma manta ba ya ji. Ta durƙusa a cikin taɓo da kayan aikinta. Ya rage gudu, ya dube ta, ya dube ni, ya shiga ruwan.

Muna tsaye muna kallon motar tana tsaga ruwa. Da ta doshi gidan, tsohuwar ta dafa ƙarfen baranda ta miƙe, ta rataya jakarta. Motar mijinta ce, ta san ƙararta. Ƙanin mijin ya taka birki daidai ƙofar, har jajayen fitilun baya suka kama, na ce alhamdu lillahi a fili. Ya ɗan tsaya, ban san me yake saƙawa ba. Sannan fitilun suka mutu, ya wuce cikin gari.

Ta daɗe a tsaye. Daga baya ta sauke jakar, ta zauna, ta cire hular, ta yi mana alama da hannu mu koma gida.