Si Lazhar da Nuga: Maƙwabcin da Na So a Kora

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah Ya karɓi ran Si Lazhar Bin Ruhuma a asibitin da yake aiki a nan birnin Safakus, yana da shekara hamsin da tara. Abokan aikinsa sun ce ya gama yi wa wani dattijo gashi da tausa a kafaɗa, ya raka shi bakin ƙofa, ya dawo ya zauna a kujera ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin likita ya sauko daga hawan sama, rai ya yi halinsa. Washegari bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Ni ne Munji, maƙwabcinsa na hawa na uku. Ina faɗa ne, matata Naziha tana rubutawa, domin shekara bakwai ke nan rabona da ganin harafi.

Si Lazhar, mutane da yawa za su faɗi alherinka, kuma duk gaskiya za su faɗa. Ni da laifina zan fara, don idan ba a san abin da na yi maka ba, ba za a gane girman abin da ka yi mini ba.

Shekara goma da suka wuce ka dawo daga Faransa da baƙar karya mai suna Nuga, wadda wata makaranta ta horar don ta yi maka jagora. Makaho aka haife ka, kuma duk unguwa ta saba da ƙarar farar sandarka. Sai ga ka wata safiya ba sanda, hannunka na hagu a kan mariƙin wata ɗamarar fata da aka ɗaura wa dabba, kana sauri kamar mai ido. A lokacin ni ne shugaban mazauna benenmu, ina da makarantar koyar da tuƙi, ina ji da kaina. Na bi gidaje goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya suka sa mini hannu a takarda: ko karya ta fita, ko kai da iyalinka ku tashi.

Ni da kaina na kawo maka takardar. Ka buɗe ƙofa, na miƙa maka, ka shafa ta da yatsu ka mayar mini.

"Karanta mini, Si Munji. Ni da takarda ba mu taɓa haɗa ido ba."

Ban yi tsammanin haka ba. Na tsaya a bakin ƙofarka ina karanta kalmomin da na rubuta da hannuna: ƙazanta, haushi, tsoratar da yara, najasa a kan matakala. Matarka Lalla Wasila tana tsaye a bayanka, Nuga tana kwance a gefen ƙafarka ko motsi ba ta yi. Da na kai ƙarshe sai ka ce a ba ka wata ɗaya. Idan wani ya ji ta yi haushi sau ɗaya, ko ya tsinci ƙazanta a matakala, za ka kwashe kayanka ba sai an je gaban kowa ba.

Wata guda na yi ina farautar laifi. Nakan duba matakala da sassafe, nakan tsaya a hawanku ina kasa kunne. Ban samu komai ba. Na je wurin limaminmu, Si Tijani, ina neman ya mara mini baya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce dabbar da aka horar don ta yi wa mutum aikin da ba ya iyawa ba abin wasa ba ce, kuma ya fi jin tsoron ranar da za a tambaye mu yadda muka yi da maƙwabci. Waɗanda suka sa hannu suka riƙa zamewa, har da masu ajiye wa Nuga guntun kifi. Ni kuwa na yi shekara uku ban amsa gaisuwarka da fiye da kalma ɗaya ba, kai kuma ba ka fasa ba. Da tafiyata kake gane ni tun daga hawa na biyu, ka ce, "Barka da asuba, Si Munji."

Sai ciwon suga ya taɓa mini idanu. Cikin shekara ɗaya na dama ya tafi, na hagu ya bi shi. Na rufe makarantar tuƙi, na shiga ɗaki na zauna. Kusan shekara biyu ban sauka daga benen nan ba sai in za a kai ni asibiti. Na daina zuwa masallaci, don ba na son a riƙe mini hannu ana cewa Allah sarki. Sau huɗu ka hawo ka ƙwanƙwasa, sau huɗu na sa Naziha ta ce barci nake. A na biyar ba ka tambayi kowa ba, ka wuce ta ka lalubo kujera ka zauna kusa da ni.

"Na bar Lalla Nuga a waje, na san ba kwa shiri," ka ce. "To, malamin tuƙi, yaushe za a fito da motar nan daga gareji? Ta fara tsatsa, har daga ƙasa ina jin warinta."

Na ce maka kai ba ka san abin da na rasa ba, tunda ba ka taɓa gani ba. Magana ce mai ciwo, kuma da gangan na faɗe ta. Ka ce gaskiya ne, ba ka sani ba, amma ka san matakalar gidan nan sittin da biyu ce, kuma gobe da ƙarfe bakwai za mu ƙirga su tare.

Haka ka koya mini sanda, kowace safiya kafin ka tafi aiki. Ka koya mini jin bango da kunne, da gane gidan burodi da ƙamshi, da sauraren motoci kafin in tsallaka. Idan na yi karo da turke na fara zagi, sai ka ce in gaishe shi, tunda gobe ma a nan zan same shi.

Ba zan manta wata Lahadi ba, a doguwar hanyar da ke bin bakin teku. Ka karɓi sandata, ka kama hannuna na hagu ka ɗora a kan mariƙin ɗamarar Nuga. Tsoro ya kama ni, don tun ina yaro kare ya taɓa yaga mini ƙafa, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

"Shekara talatin kana ce wa mutane su saki jiki a bayan sitiyari," ka ce. "Yau kai ma ka saki. Kada ka ja ta, ita ce direba."

Ka faɗa mata kalmar tafiya, ta ɗaga. Da farko ina jan ƙafa, sai na ji tana kauce wa abubuwan da ban ma san suna nan ba, ni kuma ina bin motsin kafaɗarta. Can sai na ji iska tana bugun fuskata. Na manta cewa mutum yana iya yin saurin da zai ji iska. Muna cikin haka ta tsaya cak. Na ce ta tafi, ta ƙi. Na sake faɗa da tsawa, ta gitta jikinta a gaban gwiwoyina. Ka ce in miƙa hannu sama. Na miƙa, na taɓa bakin ƙarfen ƙofar bayan wata babbar mota da aka bari a buɗe, daidai goshina. Sanda ba za ta taɓa gano shi ba.

A kan benci muka zauna bayan haka, hannuna a kan wuyanta. Na ce, "Si Lazhar, maganar takardar nan."

"Wace takarda? Ni ban ga wata takarda ba."

Ka yi dariya har da tari. Da ka nutsu ka ce tun a ranar ka yafe, don ka ji yadda muryata take rawa ina karantawa, ka gane ba mugu ba ne a gabanka, matsoraci ne. Ban taɓa jin daɗin a kira ni matsoraci ba sai ran nan.

Na sha raka ka asibitin da kake aikin gashi da tausa. Nuga takan kwanta a ƙarƙashin teburinka tun safe har a tashi, wasu majinyatan ma ba su san tana nan ba. Ba ka yarda kowa ya taɓa ta in tana cikin ɗamara, kakan ce ma'aikaciya ce, a bari ta tashi daga aiki. Sau ɗaya na san ka karya dokar nan. Akwai wata tsohuwa daga ƙauye da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ta yi wata biyu ta ƙi ko gwada motsa hannu, ta ce ya riga ya mutu. Ka lura kullum tana tambayar sunan karyar. Ka cire wa Nuga ɗamara, ka zaunar da ita ta ɓangaren hannun da ya shanye, ka ce in tana son ta shafa kunnen, to da wannan hannun kawai. A mako na uku yatsu biyu suka motsa. 'Yar matar ta fita tana guɗa a cikin asibiti.

Ba kullum abin yake da daɗi ba. Na tsaya tare da kai a rana tasi bakwai suka rage gudu, suka ga kare, suka wuce. An hana ka shiga shago, an taɓa jifar Nuga da dutse a bakin kasuwar kifi. Ni raina yakan ɓaci, kai kuwa sai ka ce, "Mu tafi, Nuga, mu da muke da ƙafa shida me za mu yi da taya huɗu?" Amma washegari sai ka koma shagon nan, kai kaɗai da sanda, ka zauna ka yi wa mai shi bayani har ya kawo maka shayi.

Shekara biyu da suka wuce Nuga ta fara gajiya. Tana jinkiri a matakala, tana haki in rana ta yi zafi. Ka cire mata ɗamara ka rataye, ka koma kan sanda kana da shekara hamsin da bakwai. A watan nan ne makarantar Faransa ta aiko mini cewa an ba ni gurbi. Na je na yi mako uku, na dawo da kare mai suna Rumba, wanda yake kwance a kan ƙafata yanzu. Na tambaye ka yaushe naka sabon zai zo, ka ce ba za ka bar tsohuwa tana ji ana ɗaura wa wani ɗamararta ba. Na yarda. Bayan 'yan watanni ka yi karo da ƙofar wata mota, aka yi maka ɗinki biyar a goshi. Ka zo kana ba da labari kana dariya, ni ma na taya ka.

Sai a daren uku da rasuwarka, mutane sun fara watsewa bayan magariba, Lalla Wasila ta ce da ni da Naziha mu dakata. Ta ce ka hana ta faɗa, amma yanzu ba ka nan. A shekarar nan gurbi ɗaya makarantar ta ware wa mai nema daga wajen ƙasarsu, kuma naka ne, tunda tsohon ɗalibinsu ne kai. Ita ta rubuta maka wasiƙar da ka ce a ba ni. Ta yi maka gardama, ta ce shekarunka sun ja kuma kullum kana kan titi. Ka ce mata kai tun haihuwa ka san duhu, ko ba kare za ka kai kanka wurin aiki, amma Munji in aka bar shi da sanda wata rana zai koma ɗaki ya rufe ƙofa.

Si Lazhar, ɗinki biyar ɗin nan nawa ne, ka karɓa a goshinka, na zauna ina dariya.

Naziha ta ajiye alƙalami ta ce mu huta. Na ce a'a, saura kaɗan.

Gwiwoyin Lalla Wasila ba sa son matakala, don haka tun ranar Alhamis ni nake sauko da Nuga da safe. Rumba yana hannuna na hagu cikin ɗamara, ita tana dama da igiya kawai, tana bin mu a hankali. Shekararta goma sha biyu, ƙafafunta na baya sun yi nauyi, ba kuma wanda ya sa ta aiki. Amma duk inda muka iso bakin titi sai ta tsaya cak, ta ɗaga kai, tana jiran a ce mata a tsallaka. Nakan tsaya tare da ita. Sannan in faɗa mata kalmar yadda na ji kana faɗa, mu wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Wasila, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana karanta maka duniya ba ta taɓa ƙosawa ba, da 'yarku Dalanda, da ɗanku Anis, da 'yan'uwanka na garin Gabis, da abokan aikinka, da majinyatan da har yanzu suke zuwa suna tambayar mai hannun nan. Ku yi haƙuri, rashin namu ne duka. Ƙofar hawa na uku taku ce, dare da rana.

Ya Allah, bawanKa Lazhar ya zo gare Ka. Ka jarrabe shi da rashin gani tun daga ranar farko, bai yi ƙorafi ba a gabanmu. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka cika shi da haske. Ya yafe wa wanda ya cuce shi tun kafin a roƙe shi, Kai ne mafi cancanta da yafiya. Ka saka masa da Aljanna Firdausi, Ka buɗe masa idanu a can, Ka sa ya ga fuskar matarsa da ta 'ya'yansa, ya kuma ga abin da ya fi su duka. Ka ba iyalinsa juriya, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Munji, Safakus