Ranar da Akwatin Wutar Ba Jere Ya Ɗau Zafi

A unguwar Chamboli da ke Kitwe, in batir ya yi wa mutum gardama, gidan Bana Nkweto ake fara nufa kafin a tuna da kasuwa. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Prisca Kapembwa, amma tun da ta haifi ɗanta na fari, Nkweto, sunan ya ɓace a bakin mutane. Ko a coci da sunan ɗan ake kiranta: Bana Nkweto, wato uwar Nkweto.

Shekara ashirin da bakwai ta yi tana aiki a ɗakin fitilu na mahaƙar tagulla. Ita ke kula da fitilun da masu haƙa ke maƙalawa a hular kwano kafin su sauka ƙarƙashin ƙasa. Kowace fitila da batirinta, kuma ita ce mai cewa wannan ya sauka, wancan ya tsaya. Ba ta yi karatun lantarki ba, a aji tara ta tsaya. Abin da ta sani duk a hannu ta koye shi: ta ɗora bayan hannu a jikin batir, ta sunsuna, ta kasa kunne. Akwai ranar da ta hana wani shugaban aiki fitilarsa don ta ji ta fi 'yan uwanta ɗumi. Ya yi ta kumfar baki, ya ce zai kai ƙararta. Ta ce ya kai, amma da wata fitilar zai sauka. Kafin tsakar rana batirin ya kumbura ya tsage a kan tebur. Mutumin bai taɓa ba ta haƙuri ba, sai dai daga ranar in ya zo karɓar fitila shi ke fara gaishe ta.

Da aka rage ma'aikata ta dawo gida ta kama suyar fanke a bakin ƙofa. Mijinta, direban motar ma'aikata, ya rasu bayan shekara biyu, 'ya'ya kuma suka watse tsakanin Lusaka da Ndola. Ta ɗauka ita da batir sun rabu ke nan. Sai ga shekarar fari, ruwa ya ja baya a madatsa, aka koma ɗauke wuta tun da sassafe har faɗuwar rana. Mai aski, mai kanti, tela, kowa ya koma batir da sola, kuma kowa ya tuna akwai wata tsohuwa mai fanke da ta san halinsu.

Wata Talata cikin watan Oktoba, rana na dukan kwanon rufi, tana kwashe kaskon ƙarshe, sai ga Ba Jere ya faɗo gidan, takalmi wari da wari. Tsohon malamin firamare ne, maƙwabcinta shekara talatin; "Ba" ɗin da ke gaban sunansa kalmar girmamawa ce a can. Shi ɗan ƙabilar Ngoni ne daga Chipata, ita kuwa Bemba, kuma tsakanin ƙabilun nan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Mai cin ɓera," in ji ta, "wa ya biyo ka?"

Bai rama ba. Nan ta gane abin babba ne, don Ba Jere bai taɓa barin ta ta tafi da kalma ba tare da ya ce mata mai cin biri ba.

"Bana Nkweto, akwatin ya mutu. Ya yi kuka sau uku, ya nuna jar fitila, ya ɗauke. Jiya ma haka ya yi, amma ya dawo. Yau ya ƙi."

Akwatin wuta ne mai hannu, girmansa bai wuce ƙaramar jarka ba, wanda 'yarsa Misozi, ma'aikaciyar jinya a ƙasar waje, ta aiko masa. Da shi yake kunna injin ƙyanƙyasa in an ɗauke wuta. A cikin injin akwai ƙwai sittin da suka kwana goma sha takwas, saura kwana uku su fashe.

Ta sauke kasko, ta gyara ɗaurin zani. "Tun yaushe?"

"Bai kai rabin awa ba."

"To bar akwati tukuna. Ƙwai ne ba sa jira."

Ta ɗauki tukunyar ruwan zafi da ke kan gawayi, ta ɗora masa a hannu, ita kuma ta tattara kwalabe huɗu. Da suka isa gidansa ta cika kwalaben, ta naɗe kowace da tsumma, ta buɗe injin ta jera su a gefe, ta rufe da sauri.

"Kar ka sake buɗe shi sai na ce. Ina mara lafiyar?"

Ya kai ta ɗakin kaji da ke bayan gida, ɗan ɗaki mai rufin kwano ba taga. Zafi ya bugi fuskarta tun daga ƙofa. Ta duba ba ta ga akwati ba, sai da Ba Jere ya buɗe wani tsohon kabad, ya ɗaga bargo, ya ɗaga wani farin mayafin tebur mai saƙar hannu, sannan akwatin ya bayyana. Ta ɗora bayan hannu ta janye.

"Kai, Ba Jere! Dafa shi kake yi? Da ka sa masa gishiri da albasa."

"Ƙura nake kare masa. Da ɓarayi."

"Ɓarawon da zai ɗauki wannan sai ya zo da tsumman sauke tukunya."

Ta zare duk wayoyin da ke jikinsa, har da ta sola da ke yi masa caji, ta ɗauke shi zuwa gindin mangwaro. Ba Jere ya ruga ya dawo da bokitin ruwa.

"In ɗan yayyafa masa?"

"In ka yayyafa masa, ni ma zan yayyafa maka. Ajiye! Ba ruwa, ba ƙanƙara. Inuwa da iska kawai yake so."

Ta zauna a kan turmi ta juya akwatin gefe da gefe. Ta shafa ko'ina tana neman kumburi, ba ta samu ba. Ta kai hanci bakin ramukan iska, ba warin ƙuna, ba wannan ɗan ƙamshin mai zaƙi-zaƙi da ta fi tsoro tun tana ɗakin fitilu. Sai a nan ta saki numfashi.

"Da na ji wari ko na ga ya kumbura, da a tsakiyar fili zai kwana, ba wanda zai taɓa shi. Yanzu gaya mini gaskiya, malam. Me da me kake jona masa?"

"Injin. Da rediyo."

"Da?"

"Da waya."

"Da?"

Ya dubi mangwaro. "Sau ɗaya na goge rigar coci."

"Sau ɗaya?"

"Kowace Lahadi sau ɗaya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce masa dutsen guga shi kaɗai ya fi injin da rediyo da waya jan wuta nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana yi masa caji da tsakar rana yana kuma jan wuta a lokaci guda, a cikin kabad, ƙarƙashin bargo. Ta ce akwatin bai mutu ba, hankali ya yi, ya kashe kansa don kar ya kama da wuta.

Bayan kusan awa guda jikinsa ya huce. Ta danna, ya kawo. Ba Jere ya ɗaga hannu sama zai fara godiya, ta ce ya dakata. Ta jona rediyo da fitila, ta manna kunne a jikin akwatin, ta daɗe a haka.

"Fankarsa ba ta juyawa. Tana so, wani abu ya riƙe ta."

Ta kashe shi, ta haska tocila ta ramukan iska. Gashin kaji da ƙurar dusa sun toshe rabinsu. A can kusurwa kuma, daidai bakin fanka, zanzaro ya yi gininsa na laka, tsaf da shi.

"Zo ka ga ɗan hayarka."

Ba ta kwance ko ƙusa ɗaya ba, don ta ce cikin irin wannan akwati ba wurin wasan tsofaffi ba ne. Da tsinken tsintsiya ta farfasa ginin a hankali, ta kifa akwatin lakar ta zubo, ta goge ramukan da tsohon buroshin haƙori, ta sa Ba Jere ya hura da famfon kekensa. Da ta sake kunnawa, can sai ga wani siririn sauti, iska mai ɗumi ta fara fita tana kaɗa gefen zaninta.

Ba Jere ya zauna a ƙasa, yana ninke farin mayafin a cinya.

"Marigayiya matata ce ta saƙa shi," ya ce. "Duk abin da take ji da shi a gidan nan sai ta rufe shi da wannan. Da Misozi ta aiko akwatin, sai na ga ai shi ya fi cancanta. Ta yi aikin dare da rana ta saya. Ina zan sa fuskata in ce mata na lalata?"

Bana Nkweto ta san matar, tare suka yi shekaru a ƙungiyar matan coci.

"Ba ka lalata komai ba. Shimfiɗa mayafin a kan teburin falo inda mutane za su gan shi. Akwati kuwa a bar shi tsirara."

Suka ɗora shi a kan bulo biyu a baranda, taƙi guda daga bango, inda rana ba ta kaiwa, suka ja doguwar waya zuwa injin. Ta kafa masa doka: caji da safe kafin rana ta yi zafi, goge ramuka duk Asabar, guga kuma a koma dutsen gawayi.

Ranar Juma'a da hantsi ya leƙo ta kan katanga yana kiranta kamar gobara ta tashi. Ta je ta tarar da injin cike da kukan 'yan tsaki. Arba'in da bakwai ne suka fito, wasu sun bushe sun yi ɓul-ɓul, wasu har yanzu da ɓawo a ka. Ya ce ta zaɓi goma. Ta ce shida sun ishe ta, ba ta da ƙarfin bin goma. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, tana ɗaga su ɗaya-ɗaya tana dubawa, shi kuma yana tsaye a kanta yana ba ta shawarar da ba ta tambaya ba. Ta zuba shidan a kwali, ta rungume, ta fita tana tafiya a hankali, masu jiran fanke na kallonta daga bakin ƙofarta.