Inna Hinde da Kekunanta Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, cikin watan Zulƙida, Allah ya karɓi ran Hajiya Hinde Namadi a wani asibiti a Sakkwato, bayan gajeriyar jinya. An dawo da ita gida Tambuwal, aka sallace ta bayan La'asar, aka kai ta makwancinta. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, amma yawancin mutanen unguwa da ɗinki suka san ta. Ta bar 'ya'ya, cikinsu akwai Bashar da Mardiya, da jikoki, da kuma mata da yawa da ba ita ta haifa ba, waɗanda ke kiran ta Inna. Ni Fiddausi ɗaya ce daga cikinsu.

Inna, tun da aka fita da ke nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Na ga mutane sun yi rubutu a kanki, sun ce ke mai haƙuri ce, mai kyauta, mai zumunci. Duk gaskiya suka faɗa. Ni abin da zan iya faɗa shi ne a tsorace na same ki, kuma a tsorace kika tafi kika bar ni. Tsakanin nan ne na ɗan san yadda natsuwa take.

Ina koyarwa ne a firamaren wani ƙauye da ke bayan Fakku, a ƙasar Kebbe. Wata safiya masu bindiga suka shigo ta gonaki, suka tafi da maza da dama, ciki har da maigidana, baban Nasiha. Aka rufe makaranta. Na goyo Nasiha muka biyo motar hatsi zuwa Tambuwal, muka sauka gidan wata ƙanwar mahaifiyata, wanda katanga ɗaya ta raba shi da naki. Ban san ki ba, ban ma san akwai ki ba.

Kashegari da hantsi ina wanke wa yarinya fuska, sai na ji ƙara ta bayan katanga, kat-kat-kat-kat, ba tsayawa. Ban san lokacin da na suri Nasiha na yi waje ba, ba mayafi, ba takalmi, ina ihu ina cewa sun zo. Mata suka fito, yara suka taru. Ina durƙushe a bakin kwata, sai ga ki kin fito da guntun zare a leɓenki. Ba ki yi dariya ba, kuma kin hana kowa ya yi. Kika cire mayafinki kika lulluɓe ni, kika ce, "Keke na, ɗiyata, keken ɗumki. Taso ki gan shi da idonki."

Na bi ki ne don kunya, ba don na yarda ba. A ɗakin akwai kekuna biyu. Ga wani baƙi, tsoho, na takawa da ƙafa, wanda kika ce tun kina amarya kike tare da shi. Ga kuma wani fari na lantarki da Bashar ya kawo miki, mai ɗinki iri-iri. Kika zaunar da ni gaban baƙin, kika ɗora tafin hannuna a kan wilinsa, kika ce in juya a hankali. Allura ta sauka, ta tashi. Ƙas. Ta sake sauka. Kika ce in ƙara. A ranar ban yi komai ba sai juya wili da hannu, ina sauraron ƙarar tana fitowa ɗaya bayan ɗaya daga abin da ni nake juyawa. Sai da aka yi kwanaki kafin ki bar ni in ɗora ƙafata a kan matakin. Duk wannan lokaci, in ina gidan, ba kya taka keke da sauri, alhali ga ɗinkin mutane jibge yana jiran ki. Daga baya Mardiya ta gaya mini har faɗa wata mai kaya ta yi miki saboda jinkiri, kika ba ta haƙuri, ba ki faɗi dalili ba.

A wurinki na fara sanin cewa ɗan ƙarfen nan da ke sauka ya danne yadi a ƙarƙashin allura ana ce masa ƙafa, kuma ba guda ɗaya ba ne. Kina ajiye su cikin wani tsohon gwangwanin alawa, kowace a naɗe da ƙyalle. Ga ta ɗinki miƙaƙƙe, mai ɗan ƙaramin rami. Ga mai faffaɗan baki, ta zigizag. Ga siririya ta sa zif, wadda ke bin gefen haƙoran zif ba ta hau su ba. Ga ta kalmasa, mai ɗan murɗaɗɗen baki, wadda ke naɗe bakin mayafi da kanta in an iya ba ta yadin. Ba kya barin mu taɓa gwangwanin sai mun fara ɗaukar yadi mun ja shi ta tsaye, mun ja shi ta kwance, mun faɗa miki ko yana talewa ko ba ya yi. Hijabin farko da na ɗinka, na yadin nan mai talewa, da ɗinki miƙaƙƙe na yi shi. Ya yi kyau a ido. Nasiha na zura kanta ciki sai muka ji zare na tsinkewa, ɗas-ɗas, har ƙeya. Kika ce yadi mai talewa ɗinki mai talewa yake so, kika nuna mini ƙaramin zigizag a farin keke, muka warware muka sake.

Akwai ranar da ba na mantawa. Na juya farin keke zuwa zigizag, amma na manta ƙafar da ke jiki mai ƙaramin rami ce. Ina taka shi allura ta daki ƙarfe ta karye, guntun ya yi tsalle ya same ni a ƙasan ido. Na ga jini a yatsana, duhu ya rufe ni, na tabbata idon ya tafi. Abin da ya fara zo mini shi ne wa zai riƙe Nasiha in na makance, ga uba a daji ba a san ko yana raye ba. Kika kama haɓata kika fito da ni haske, kika buɗe idon da yatsunki, kika duba, kika ce in kalli bishiyar dalbejiya in gaya miki ko ina ganin ganye. Na ce ina gani. Kika wanke mini wurin, kika tura aka kira wata ma'aikaciyar lafiya maƙwabciyarmu ta sake dubawa. Da hankali ya kwanta kika ce, "In kin sake ƙafa, ko kin sake ɗumki, hannu ka fara juyawa. Ki ga inda allura ta sauka kamin ki taka." Tun ranar ba wadda ke zama gaban farin keke a ɗakinki ba ta yi haka ba.

Kafin shekara ta zagayo mun yi yawa. Mu'minatu ta zo daga wajen Kebbe da 'ya'ya uku. Hadijatu daga wani ƙauye kusa da Sanyinna, wadda ba ta magana da kowa. Ba ki taɓa tambayar ɗayanmu abin da ya faru da ita ba. In mace ta tsaya cak tana kallon bango, ƙafa a kan mataki, sai ki miƙa mata kwarkwaro ki ce ta naɗa miki zare. In babur ya wuce da gudu muka zabura, ke kan fara miƙewa ki leƙa zaure, ki dawo ki faɗi sunan mai babur ɗin da na ubansa. Duk wanda ke hawa babur a unguwar kin san shi, yawancinsu ke kika koya musu karatu.

Sai Allah ya kuɓutar da baban Nasiha. Yadda aka yi, da abin da 'yan'uwansa suka sha, ba nan ne wurin faɗarsa ba. Da aka shigo da shi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Rigunansa da na gudo da su suka zama kamar na aro, wuya na zamewa har kafaɗa. Ba ya fita ko masallaci, don kada a gan shi haka. Na kwaso rigunan na kawo ɗakinki, na shimfiɗa ɗaya, na ɗauki almakashi zan rage gefe. Kika riƙe hannuna.

"Kada ki yanke," kika ce. "Naɗe ki mai da ciki, ki buɗa ɗumkin ya yi manya-manya. Jikinai za ya dawo. Ran da ya cika rigatai sai ki ja zare ki warware."

Ni a lokacin ban yarda zai dawo ba. Ina ganin yadda yake tari, yadda yake ture kwano, ina jin tsoron an sako mini shi ne don ya mutu a hannuna. Amma na yi yadda kika ce. Ya sa rigar ya fita sallar Juma'a. Bayan girbi na warware ɗinkin farko, kafin azumi na warware na biyu. Da na zo na gaya miki, kika yi hamdala, kika ce in kawo zaren da na cire kada ya lalace, ya isa ɗinkin wucin gadi a wani aiki.

Ranar Lahadin da ta gabaci rasuwarki, da safe, kina nuna wa Hadijatu yadda ake ɗaura ƙafar zif. Ina gefe ina guga. Na ji ƙarfe ya faɗi ƙasa. Kika sunkuya za ki ɗauka, hannun ya ƙi. Kika ɗago kika kalle ni, bakinki ya karkace, kina son ki kira sunana ya gagara. Inna, na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan kallon ba, domin a cikinsa na ga ke ma kin tsorata. Mu da muka saba ke ce mai leƙa zaure ki ce ba komai, muka tsaya muna kallon juna. Hadijatu ce, wadda ba ta magana, ta fita da gudu tana kwala wa Bashar kira har makogwaronta ya dushe.

Daga asibitin gari aka ce a wuce Sakkwato. Ni da Mardiya muka sa ki a tsakiya, kanki a cinyata. Muna wuce Dogon Daji kika matse yatsana da hannun da ke aiki, kina motsa leɓe. Na kai kunnena, na ji kalmar shahada ce, na taya ki. Ba ki sake cewa komai ba har Allah ya yi ikonsa.

Akwai maganar da ban samu na ƙarasa da ke ba. An buɗe makarantarmu, an aiko cewa malamai su koma. Baban Nasiha ma ya ce ba zai sake barin gonar ubansa ta kwana ba shuka ba, ruwa na sauka za mu tafi. Na zo miki da maganar ina kuka, kika ce in bari ki yi tunani, za ki kira shi ku zauna. Ba ku zauna ba. Ban san abin da kika yi niyyar gaya masa ba, ko ki hana shi, ko ki lallashe ni. Ranar addu'ar uku Bashar ya kira ni zaure, ya ce tun kafin ki kwanta kin gaya masa a ba ni baƙin keke, tunda ƙauyenmu ba wutar lantarki, kuma ya haɗa mini da ƙafar zif da ta kalmasa da fakitin allura. Farin zai zauna a ɗakin, Mu'minatu da Hadijatu su ci gaba da shi. Daga nan na gane kin san zan tafi.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas. Baban Nasiha ya fita tsakar gida yana kallon sama, fuskarsa a sake, ni kuwa tunanin hanya nake yi. Na san hanyar, na san inda daji ke matso ta har mota ta rage gudu. An riga an kwance kan keken daga teburinsa, an naɗe shi da bargo. Zan tafi, Inna. Akwai yara da ke jiran malama, akwai matan da suka zauna ba su gudu ba, waɗanda ba su da mai ɗinka musu ko rigar jariri. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce na daina jin tsoro ba. Duk wanda ya karanta wannan, in ya yi miki addu'a, ina roƙon ya sa mu a ciki, mu da duk masu komawa.

Ya Allah, ga baiwarka Hinde ta zo gare ka. Ta kwantar da hankalin bayinka a lokacin da suka firgita, ka kwantar da nata a kabari. Ka tsare ta daga firgicin tambaya da firgicin ranar tsayuwa. Ka yalwata makwancinta, ka haskaka shi, ka yafe mata kurakuranta, ka sa duk suturar da ta yi wa wani ta zama sutura gare ta, ka sada ta da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bashar da Mardiya da sauran 'yan'uwansu, da jikokinta, da dukan zuriyar marigayi Malam Namadi, da ɗalibanta na aji da na ɗakin ɗinki, da mutanen Tambuwal baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai matafiya gida. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.