Ƙafafun Kaka da Alluran Likitar China

Asabar ta farko a dogon hutun shekarar da na gama aji biyar, ina durƙushe a falonmu na Hulme a Manchester ina kokawa da takalmin Kaka. Shi ne mafi girma da Mama ta samu a shago, amma ko yatsunta ba su gama shiga ba. Ƙafar ta kumbura tana sheƙi, idon sawu ya ɓace gaba ɗaya. Na danna yatsana a ƙaurinta na ɗaga, sai rami ya zauna ya daɗe bai cike ba. Ta buge min hannu ta ce, "Ke 'yar Ingila, ƙafa ce ko malmalar tuwo?" Daga ƙarshe silifas ɗin wankan Baba ta zura a kan safa, muka kama hanyar Birmingham.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Ta zo daga Kano ganin ƙanena da aka haifa, sai ƙafa ta riƙe ta. GP, wato likitan unguwarmu, ya duba zuciya da ƙoda, ya ce ruwa ne yake taruwa, ya rubuta mata ƙwaya. Baba kuma ya yanke hukunci cewa ba za ta hau jirgi ba sai kumburin ya sauka. Ita kuwa abu ɗaya ne a ranta: auren autanta, Baffa Sani, da aka sa ƙarshen damina. Ta ce ko a rarrafe sai ta je, Baba ya ce ko da kuka ba za ta je a haka ba. Ana cikin wannan ne Gwaggo Binta, ƙanwar Baba da ke unguwar Sparkbrook a Birmingham, ta bugo waya ta ce akwai wata likita 'yar China kusa da su da ta yi mata maganin gwiwa da allurai. Baba injiniya ne, sai ya ce, "Binta, ƙafa ce fa, ba taya ba ce da za a huda ta sace." Amma da ya ga ƙwayar ba ta yi komai ba, ya yarda, da sharaɗin ba za a daina shan ta ba. Aka haɗa ni da Kaka in yi hutuna a can, in riƙa yi mata aike. Ba wanda ya tambaye ni.

Ranar farko har tawul na ɓoye a jakata, don na ɗauka ruwan zai riƙa tsiyaya daga inda aka soka. Wurin ɗan ƙaramin shago ne, bangonsa cike da ƙananan durowoyi na katako, yana wani wari da Kaka ta ce sak na masu sayar da saiwoyi a gida. Likitar 'yar siririya ce mai furfura, gilashinta rataye a wuya. Ta riƙe wuyan hannun Kaka tana jin bugun jininta, ta sa ta fito da harshe, sannan ta jera mata allurai sirara kamar gashi a ƙasan gwiwa, da saman idon sawu, da gefen cibiya bayan an sha daga kafin Kaka ta yarda ta ɗaga riga. Ko ɗigo bai fito ba. Ta ƙunsa mana sassaƙe da wasu fararen gutsattsari kamar busasshen rogo, ta ce a tafasa a sha. Gwaggo kullum a ƙofa take sauke mu ta tafi neman parking, don haka ni ce tafinta, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu ko da na san amsa.

Makonni suka wuce, ƙafa tana nan yadda take. Gwaggo ta hana gishiri da kanwa da magi a gidan, muka koma cin miya lami gaba ɗayanmu, 'ya'yanta suna hararata kamar ni na kawo musu bala'in. Ni ce mai tafasa maganin, ni ce mai tacewa, ni ce mai jera matasai a ƙarƙashin ƙafafun. Warin ya kama labule, ya kama hijabina, har wata yarinya a bas ta matsa daga kusa da ni. Baba a waya yana cewa allura ce ba ta aiki, Gwaggo tana cewa ƙwayar GP ce take ɓata aikin allura, matan da ke zuwa dubiya daga unguwar Lozells kowacce da nata: wata ta ce sanyin ƙasar ne, wata ta ce a shafa man zaitun, wata ta rage murya ta ce a dai duba ko hannu ne. Ƙawayena a Manchester suna can suna hawan keke a filin unguwa, ni ina nan ina gadin tukunya.

Amma yaron da ba ya magana yana da lokacin kallo. Gidan Gwaggo irin dogayen gidajen nan ne masu jere, banɗakinsa ɗaya, a sama, matakalar kuma a miƙe take ga ƙunci. Kaka takan hau ta da hannu da gwiwa, ta zauna a bakin bahon wanka da butarta, ta daɗe tana nishi kafin ta iya kai hannu ga ƙafarta. In ta sauko da alwalar azahar, to ba ta sake hawa sai ta sallaci isha'i, ga isha'in bazara a ƙasar nan ba ta zuwa da wuri. Shi ya sa duk abin da zai sa ta fitsari ta ɗauke shi abokin gaba. In na kawo kofin maganin sai ta ce, "Ajiye ya huce." In ya huce sai ta ce, "Bari in yi la'asar." Daga nan sai in ga ta leƙa ƙofar baya, ta dawo da kofi wayam. Ƙwayar kuwa a bakin zanenta take ƙullewa. Ko ruwa kurɓa ɗaya take yi. Na gani, na cika fam, amma a gidanmu yaro ba ya kai ƙarar babba, balle a kan maganar bayan gida.

Wata ranar Laraba likitar ta danna ƙafar, ta ɓata fuska, ta tambayi sau nawa Kaka take fitsari a yini. Na sunkuyar da kai na fassara a hankali. Kaka ta gyara mayafi ta ce, "Gaya mata ba a yi wa babba wannan tambayar." Likitar ta tsaya tana jira. Na dubi ƙafafun nan cike da allurai a banza, na tuna miya lami, na tuna yadda Kaka take shiru duk lokacin da aka bugo daga Kano ana zancen lefe. Na buɗe baki da Turanci na zayyana komai: matakala, buta, ƙofar baya, bakin zane.

Kaka ba ta jin Turanci, sai dai tana jin fuska. Ta ce, "Me kika gaya mata, magulmaciya?"

Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Tambayata kawai ta yi wane lokaci ne ya fi tsawo babu salla. Na ce daga asuba har bayan tsakar rana. Ta ce to a ba ta maganin nan da nan bayan sallar asuba, a kuma kira GP a gaya masa gaskiya game da ƙwayarsa. Gwaggo ta shigo daidai nan, da ta ji sai ta riƙe ƙugu. "Haba Inna! Duk wannan appointment ɗin da muke zuwa? Duk gishirin da na hana yarana?"

"Ku da kuke ɗaga ƙafa cikin kwanon wanke hannu kamar balbela, me kuka sani?" in ji Kaka. "Ni ba zan tsaya gaban Ubangijina ina lissafin bene ba."

A ranar aka mayar mata da katifa sama, ɗakin da ke jikin banɗaki, aka sayo mata 'yar kujerar roba da roba mai faɗi ta wankin ƙafa. Kwanaki ba ta yi min magana ba, sai dai ta ce da ɗan Gwaggo, "Gaya wa waccan ta miƙo min carbi," alhali ina zaune kusa da ita. Amma tana sha, ina tsaye a kanta da sassafe har ta shanye. A hankali fatar ta fara tattarewa, jijiyoyi suka fito, wata safiya ta sauko bene a tsaye tana riƙe da ƙarfen matakala. Kumburin bai tafi duka ba, amma ya sauka har GP ya ce za ta iya tafiya da safar matsi. Baba ya ce ƙwaya ce, Gwaggo ta ce allura ce, kuma har gobe in aka haɗu a biki sai sun tayar da zancen. Kaka ta isa Kano ana saura kwanaki kaɗan. A hoton da aka turo mana tana zaune tsakiyar dangin ango, ta haɗe rai, ba don komai ba sai don ba ta son hoto.

Yanzu na girma, Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Gwaggo ta yi banɗaki a ƙasa, da famfo gajere da wurin zama don alwala, abin da ba wanda ya yi tunaninsa a lokacin da ake bukatarsa. Mu kuma na yanzu likita zai tambaye mu abin da ya fi wannan nauyi a waya, mu amsa muna tafiya a titi, ko a jikinmu. Haka ya fi, na sani, ba kuma zan so a koma baya ba. Sai dai ban sake haɗuwa da wanda zai kwashi kumburi wata da watanni don kada ya rabu da alwalarsa ba. Har yau in na tuna ina jin haushinta, kuma haushin ma kewarsa nake yi.