Motar da Kawu Bai Gane Ba

Kawuna, yayan mahaifiyata, mai gyaran jikin mota ne. Idan mota ta yi karo ta lotse, shi ake kai wa ya buge ta har ta miƙe. Kowa Guduma yake ce masa, har matarsa, Inna, idan ya ɓata mata rai. Rumfarsa tana bakin babban titi, kusa da ta wani mai facin taya, rufin kwano ne a kan ginshiƙan ƙarfe, ƙasan ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. Gidansa kuwa yana tsallaken titin, cikin lungu.

Ya shiga sana'ar tun yana saurayi, lokacin da kowace mota take da fuskarta. Haka yake cewa, fuska. Akwai mai zagayayyun fitilu kamar wadda aka ba tsoro, akwai mai dogon hanci, akwai mai ƙusumbi kamar kunkuru. Yana zaune a kan benci zai hango mota tun daga kwana, ya faɗi irinta da zamanin da aka ƙera ta, wani lokaci har da wanda ya taɓa buge mata ƙofa. Mai faci yakan ja masa musu da gangan, don kawai ya ga yana kumfar baki.

Da sababbin motoci suka cika gari, sai aiki ya fara ja baya. Gabansu duk roba ne, idan ya fashe ba a bugewa, cirewa ake yi a sa wani. Amma ba wannan ya fi damun Kawu ba. Kamanninsu ne ba ya so. Ranar da na sayi tawa na kai masa ya sa albarka, ya zagaye ta yana shafawa da tafin hannu, sannan ya ce, "Ɗan nan, wannan ai sabulu ne da aka yi wanka da shi aka rage."

Na ce, "Kawu, da dalili. An yi su haka ne don su riƙa ratsa iska, ba su shan mai, kuma idan an yi haɗari sun fi tsare na ciki."

"To, iska ce ta zana ta ke nan, ba mutum ba. Shi ya sa duk kamar uwa ɗaya ta haife su."

Ya dai sa albarkar.

Kullum da rana Inna take kawo masa abinci a kula. 'Yarsu, Auta, ta sha hana ta, ta ce titin ya yi mata faɗi yanzu, ga ƙafa tana ciwo. Inna takan ce, "Ku bar ni, shi ke nan yawon da ya rage mini. Kuma idan ban tsaya a kansa ba, mai faci ne zai cinye naman."

Ranar da abin ya faru, Kawu yana zaune yana kallonta tana tsallakowa. Ta wuce rabin titi, wata mota ta fito daga bayan wata babbar mota a guje, ta ɗauke ta. Kular ta yi sama ta tarwatse. Motar ta rage gudu daidai gaban rumfarsa, kamar za ta tsaya, har Kawu ya ga gefenta da bayanta sarai, sannan direban ya sake taka ta ya ɓace cikin sauran motoci. Kafin a kai Inna asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an binne ta, ni da mai faci muka raka shi ofishin 'yan sanda. Ɗan sandan da muka tarar mutum ne mai natsuwa, ya ba shi kujera, ya yi masa gaisuwa, sannan ya ce, "Baba, an ce a gabanka aka yi. Wace irin mota ce?"

Mai faci ya yi caraf ya ce, "Yallaɓai, ai ka samu wanda ya dace. Wannan ko inuwar mota ya gani zai gaya maka sunanta."

Kawu ya dubi hannayensa. Can ya ce, "Toka-toka ce."

"Ƙirar wane kamfani?"

"Ban sani ba."

"Lambar fa?"

Bai dubi lambar ba. Tunda yake bai taɓa buƙatar lamba don ya gane mota ba, idonsa jikin yake bi. Ɗan sandan ya kai shi bakin taga, ya nuna masa wata da ke ajiye a harabar. "Kamar wannan?"

"Kamar ita."

"Ko kamar waccan ta kusa da bishiya?"

Kawu ya daɗe yana dubawa. "Ita ma."

Ɗan sandan ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Mu duka mun san abin da hakan yake nufi. A hanyar dawowa mai faci ya riƙa ba shi haƙuri kan maganar da ya yi, Kawu ya ce, "Ba ka yi ƙarya ba. Da can haka nake."

Ya ci gaba da zuwa rumfa, amma ya daina ɗaukar guduma. Zama kawai yake yi yana bin titi da ido. Duk mota mai ruwan toka da ta wuce sai ya miƙa wuya, ga su kuwa ba iyaka. Auta tana aiko da abinci, yawanci a rufe yake komawa. Ya rame har wandon aikinsa sai da igiya.

Wata rana wani magidanci ya tsaya da mota toka-toka, gefen gabanta a lotse ta hannun dama, fitila ɗaya a fashe. Ya ce, "Baba, an ce kai ne gwanin wannan aiki." Kawu ya durƙusa ya shafa lotsawar, ya tashi ya cakumi wuyan rigar mutumin.

"Kai ne! Kai ka kashe mini mata!"

Nan da nan jama'a suka taru, wasu har sun fara ɗaukar duwatsu. Mutumin yana ta rantsuwa cewa ginshiƙin ƙofar gidansa ya daka da safen nan. Mai faci ne ya shiga tsakani, ya nuna wa mutane farin fentin bango da ke manne a jikin ƙarfen, sabo, ko ƙura bai yi ba. Kawu ya duba, ya san gaskiya ne, domin ya fi kowa a wurin sanin bambancin karo da bango da karo da mutum. Ya saki rigar, ya zauna a ƙasa cikin baƙin man nan, ya rufe fuska. Mutumin da aka zarga shi ne ya tsuguna yana cewa, "Yi haƙuri, Baba, na yafe."

Daga ranar Auta ta ce ba zai sake zama bakin titi ba. Ta gyara masa ɗaki a gidan mijinta, can bayan gari. Ya bar wa mai faci kayan aikinsa, rumfar kuma wasu masu sayar da gilashin mota suka karɓa.

Ni na ɗauke shi zuwa can. Ya zauna a gaba, jakarsa a kan cinya. Da muka zo wata mahaɗa, wata tsohuwa tana tsaye a gefen hanya da kaya a hannu, tana jiran ta samu sarari. Ya ɗora hannunsa a kan nawa.

"Tsaya mata, ɗan nan."

Na tsaya. Na bayanmu suka yi ta danna hon. Bai ɗauke hannun ba sai da ya ga ta hau ɗaya gefen ta shiga cikin mutane.