Mukhtaru, Mai Auna Hannu da Yumɓu

Da an idar da sallar Asuba, kafin masu tasi su cika lungunan unguwar Hindawiyya, nan garin da ake aikin hajji, da oda, Mu'allim Mukhtaru ya riga ya ɗage ƙofar shagonsa. Ba ya fara taɓa gizago ko magagari. Tsumma yake ɗauka ya bi kantocin bango yana share ƙura daga kan wasu dunƙule-dunƙulen busasshen yumɓu, kowanne da shatin yatsu a jikinsa, kowanne da sunan mai shi a ƙasa. Ɗari uku da goma sha ɗaya ne. Shekara talatin da takwas yana wannan shara, ranar Alhamis ɗin da ta wuce kuwa ya yi ta ƙarshe, don mai ginin ya sayar, sabon mai shi kuma rushewa zai yi.

Wanda ya wuce ta ƙofar zai ce kafinta ne, kuma bai yi ƙarya ba. Yana gyara ƙyaure, yana yi wa mahauta ƙotar wuƙa in aikin hajji ya matso. Amma abin da ya sa manyan motoci ke maƙalewa a wannan ɗan lungu shi ne mariƙin bindiga. Musaddas ake ce mata a nan, mutanenmu na gida kuma su ce libarba, irin babbar nan mai harsashi kamar babban yatsa, wadda masu takardar izini ke wasan harbi da ita a wani fili can kan hanyar Jidda. Ƙarfen dai na kamfani ne. Icen da tafin hannu ke kamawa, shi ne na Mukhtaru.

Kuma abin mamaki, bindiga ko ɗaya ba ta taɓa ƙetare dokin ƙofarsa ba. Tun ranar farko da wani tsohon jami'i ya zo masa da kumburarren hannu ya kafa wannan doka, bai kuma taɓa sassauta wa kowa ba, komai girman rawaninsa.

"Nan harami ne," yakan ce. "Ka bar ƙarfenka can, ka kawo mini hannunka."

Mutum ya zo, sai ya zaunar da shi, ya zuba masa shayi, ya ƙi maganar bindiga sam. Hannun yake kallo, yadda ya riƙe kofi, inda kanta ta fito, inda fata ta taɓa tsagewa. Sannan ya kwaɓa yumɓu, ya naɗa shi a kan wani katako da ya yanka daidai da ƙugun irin bindigar, ya ce wa mutum ya rufe ido, ya miƙa hannu, ya matse sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In ka ƙara matsewa don ka nuna kai namiji ne, sai ya ƙwace ya sake kwaɓawa, ya ce ai ba ƙarfinka ya tambaya ba.

Abin da ya gano, ba kuma a littafi ba, shi ne babbar bindiga dole ta yi shuri, babu mai hana ta. Magana ita ce ina shurin zai sauka. In bayan mariƙin siriri ne, duk ƙarfin a wuri guda yake taruwa, ya tsaga kwarin nan da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. In an faɗaɗa shi daidai da tafin mai shi, sai ƙarfin ya bazu, ya bi ƙashin hannu ya wuce kafaɗa. Mariƙin da ke sa hannu ya zauna ƙasa da yawa kuwa, shi ke barin bakin bindiga ya yi sama, wuyan hannu ya sha wahala. Akwai kuma wani ɗan rami a bayan ƙarfen da ya kewaye kunama, wanda in ba a cike shi da ice ba, ƙarfen zai yi ta dukan gaɓar yatsan tsakiya har ta kumbura. Zanen kaifi da kamfanoni ke yi wai don kada ya zame, shi dariya yake ba shi. Yakan ce magagari aka ba ka ka riƙe, sannan aka ce ka yi saiti.

In ya gama sassaƙa, ran Asabar ya shiga tasi ya fita bayan iyakar harami, can a filin harbi ake ɗaura icen a jikin ƙarfe. Ya tsaya bayan mai harbi, ba abin da ake auna yake kallo ba, fuska yake kallo. Wanda bindigarsa ke cizonsa yakan runtse ido kafin ƙarar ta fito. Muddin ido na runtsewa, Mukhtaru zai kwance icen ya koma da shi Hindawiyya.

Haka ya yi wa Majid har sau uku. Majid ɗan gida ne fa, kakarsa da mahaifiyar Mukhtaru ƙofa ɗaya suke zama a unguwar Tandabawi suna dama fura. Shekara shida da suka wuce ya zo da wuyan hannu a ɗaure, likita ya ce masa ya haƙura da harbi ko ya haƙura da hannun. Mukhtaru ya yi wata biyu a kan wani guntun icen zaitun, ya sassaƙa ya ɓata, ya sake, har ya gane Majid ya taɓa karya ƙaramin yatsa tun yana yaro, yatsan ba ya lanƙwasawa sosai, sai ya yi masa ɗan tudu ya kwanta a kai. Shekara ba ta zagayo ba Majid ya ci kofin ƙungiyarsu.

Ranar bikin, Mukhtaru ya sa sabon tob, doguwar farar rigar nan ta maza, 'yarsa Wafa ta kai shi a motarta, suka samu kujera can baya. Aka miƙa wa Majid lasifika, wani ya tambaye shi wannan mariƙi mai kyau daga ina. Bawan Allahn nan ya shafa icen, ya yi murmushi, ya ce musamman ya yi odarsa daga Italiya. Italiya! Ice da aka goge da samfefa a lungun da ko motarsa ba ta iya juyawa. Kunya ce ta kama shi ya ce wani tsohon Bahaushe ne a Hindawiyya ya ceci hannunsa, don in ya faɗa, sai a tambaye shi ina ya san lungun. Wafa ta miƙe za ta yi magana, uban ya riƙo gefen abayarta.

"Zauna. Mu bari su gama tafi, mu je mu samu La'asar."

Bai sake tayar da zancen ba, amma ya ji zafi, kuma duk wanda ya ce bai ji ba bai san shi ba ne. Sabon tob ɗin nan bai ƙara sa shi ba.

Ba Majid kaɗai ba ne. Da yawa sun zo da hannu a kumbure sun tafi da hannu lafiya, suka manta hanya. Ta dabam a cikinsu ita ce Jawahir, mai haɗa magani a wani kantin magani, wadda ta shiga wasan harbi da aka fara karɓar mata. Kowa ya ce mata hannunta ƙarami ne, ta nemi ƙaramar bindiga. Mukhtaru ya duba yumɓun da ta matse, ya ce hannun ba shi da laifi, mariƙin ne aka yi wa ƙato, yatsanta ba ya isa kunama sai ta karkace hannun, shi ya sa shurin ke sauka a gindin babban yatsa. Ya rage kauri daga gaba zuwa baya, ya bar faɗin. Hausarta a karye take, nasa Larabcin kuma na tsofaffi ne, amma sun fahimci juna.

Da takardar tashi daga shagon ta zo, ba kayan aiki ne suka dame shi ba, hannayen ne. Ya ce amana ce, mutum ya ba ka shatin hannunsa ba za ka bar wa katafila ta taka ba. Gidan Wafa da zai koma a unguwar Rusaifa ɗaki biyu ne, ga miji ga 'ya'ya. Ta ce ya zaɓi kwali ɗaya a tura ƙarƙashin gado, ya ce wa zai ɗauka, wa zai bari? Sai ya zauna kwana tara yana bin lambobin waya, yana faɗa wa kowa magana ɗaya, cewa hannunka yana wurina, ka zo ka karɓa kafin Alhamis. Wasu sun rasu. Wasu lambar ta canza. 'Ya'yan wasu suka ɗauka tsohon ya fara ruɗewa. Majid bai ɗaga ba, sai daga baya ya turo saƙon murya yana dariya: "Ya mu'allim, laka ce fa. Ka zubar."

Cikin ɗari uku da goma sha ɗaya, mutum ɗaya ta zo, Jawahir.

Ta tarar ya cika babbar roba da ruwa a tsakiyar shago, Wafa na gefe tana taya shi. Yana ɗauko hannu ɗaya, ya karanta sunan, in mamaci ne ya yi masa addu'a, sannan ya sa shi a ruwa a hankali ya bar shi ya narke. Tun hantsi ake yi har bayan Azahar. Da aka zo kan na Majid, Wafa ta fizge ta ɗaga sama za ta rotsa shi da ƙasa.

"Baba, wannan kam bai cancanci ruwa ba."

Ya karɓa daga hannunta, ya shafa inda ƙaramin yatsan nan ya kwanta a karkace. "Hannun bai yi mini ƙarya ba, Wafa. Bakin ne." Ya sa shi a ruwan kamar sauran.

Mu'allim Mukhtaru, kai ne ka yi shekara talatin da takwas kana raba mutane da ciwo, ba ka taɓa buga sunanka a jikin ice ɗaya ba. Kai ne ka kiyaye alfarmar garin nan a ɗan shagonka, alhali da ka sassauta da aikin ya fi maka sauƙi. Gizago mai sanin hannu! Mu da muka sha shayinka muna kallo aka ba Italiya sunanka muka yi shiru, mu ma muna da namu laifin, kuma wannan rubutu bai isa ya wanke mu ba.

Da kantocin suka zama wayam, Jawahir ta ajiye nata dunƙulen a jaka, ta naɗe hannun abaya, ta tsoma hannu a robar ta ɗebo laka daga ƙasa. Ta matse ruwan, ta naɗa a kan katakon awo kamar yadda ta ga yana yi, ta miƙa masa, tana kiransa baffanta da Larabci.

"Ya Ammi, rufe ido. Sau ɗaya."

Ya tsaya yana kallonta. Duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa neman nasa. Ya rufe ido ya matse, da ya buɗe tafin sai ga shatin yatsu uku kawai. Sauran biyun magagari ya riga ya sandarar da su, sun daina rufuwa tun tuni, ba kuma wanda ya lura a cikin duk masu kawo masa hannunsu.

Mun gode, Mu'allim. Allah ya saka maka da abin da mutane suka hana ka, ya ba hannun nan hutu. Ku kuma masu sana'a, ku yi aiki kamarsa, ku dubi mutum kafin ku dubi kaya. Wanda kuwa yake da wani Mukhtaru a lungunsu, ya faɗi sunansa a gaban jama'a tun yana da kunnen ji. Namu yana Rusaifa, hawa na uku, yakan zauna a bakin taga bayan La'asar, kuma lambar wayarsa ba ta canza ba.